Wayar da Kawu Ya Hana Ni Cirewa

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tasha, kafin in gyara zama wani ya ce, "Sabi'u, ya Nijar? Ina tsaraba?" In na ce sai godiya, sai su ce ba su yarda ba, mutumin da ya tafi yana rawar jiki ya dawo baki a ɗinke, lallai akwai magana. To, akwai. Zan zayyana ta sau ɗaya, wanda ya sake tambayata bayan wannan kuwa sai mun ɓata.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Sandamu ne, ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Daura. Mahaifiyata 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ta nan, ta rasu ina goye. Ban san fuskarta ba. Mahaifina malami ne da ba ya shiri da hoto, don haka ko ɗan ƙarami babu a gidanmu. Amma yayanta, Kawu Lawali, mai hoto ne tun yana saurayi, kuma ya sha gaya mini ya ɗauke ta a shagonsa kafin a kawo ta. Wata damina rufin ɗakin ajiyarsa ya rufta, hotunan takarda da fim ɗinsu duk suka zama kunu. Abin da ya tsira shi ne wanda ya riga ya sa aka yi wa sikanin aka zuba a kwamfutar shago, dubban hotunan mutanen gari, ba suna sai lamba. Idon Kawu ya yi rauni, ba ya iya zaman dubawa shi kaɗai, ni kuwa ko na gan ta ba zan gane ta ba. Kullum cewa yake, "Ka zo da idonka, in zo da sanina, mu nemo ta."

Rannan da sassafe sai ga kiransa. Bayan gaisuwar da ta kusa cinye masa kati, ya ce wata annoba ta shigo layinsu. Ta fara da shagon mai tura waƙoƙi da fina-finai a waya, ta wuce na mai buga katin biki, yanzu ta kwantar da na kusa da mai katin.

Na ce, "Ta kwantar da su yaya, Kawu?"

"Jan rubutu take fitarwa da Turanci, wai ta kulle komai sai an biya ta. Inji ke neman kuɗin fansa, Sabi'u! Ina duniya za ta da mu?"

Na tambaye shi ko waya ɗaya ta haɗa su. Ya ce ƙwarai, mutum ɗaya ke jawo intanet, sai a bi da waya ta kan rufi daga shago zuwa shago har ƙarshen layi.

"Kawu, ka zagaya bayan kwamfutarka yanzu-yanzu, akwai shuɗiyar waya, ka cire ta."

"To."

"Kada ka bari sai an jima. Ga ni nan tafe."

"To, to. Allah ya kawo ka lafiya."

Duk wanda ya san Kawu ya san wannan "to" ɗin nasa ba ya ɗaga ko tsinke. Na jefa laftof da ɗan rumbun ajiya na tafi-da-gidanka a jaka, na ja ƙofar shago, ko hula ban canja ba.

A tasha motar iyaka ta ƙi cika. Saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya, har rana ta ɗaga. Na fita na shiga, na fita na shiga, har ɗan kamasho ya ce in zan taya shi kiran fasinja ne in faɗa a raba la'ada. Da muka tashi, na sami kaina a matse kusa da wani dattijo dillalin shanu, mutumin Baure, mai sanda tsakanin gwiwoyi. Ya daɗe yana kallon ƙafata da ke ta karkarwa, can ya ce, "Samari, ƙafar nan za ta huda motar mutane. Mara lafiya za ka dubo?"

"Kusan haka, Alhaji. Kwamfuta ce."

Mota ta ɗauki dariya. Ni kuwa abin bai ba ni dariya ba, na juya na shiga yi musu bayani ko sun so ko sun ƙi. Na ce bairos ɗin da kowa ya sani shi ne wanda ake kwasowa a filash, ko a latsa wani abin da aka turo, wato sai ka buɗe masa da hannunka. Amma akwai wanda ya fi shi mugunta. Shi da zarar ya sami inji ɗaya, sai ya bi wayar da ta haɗa injin da saura, yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Kowace kwamfuta tana da ƙofofin da take karɓar saƙon 'yan'uwanta, ta nan ake tura aiki firinta, ta nan ake ba juna fayil. In manhajarta tsohuwa ce ba a sabunta ta ba, akwai ƙofar da sakatarta ta lalace, turawa kawai zai yi. Ya shiga ya hayayyafa, ita ma ta fara ƙwanƙwasa ta gaba. Mai injin yana can masallaci, bai taɓa komai ba.

Alhaji ya gyaɗa kai. "Wato komi ɗaya suke shan ruwa. Mu in saniya ta fara dalalar da yawu, ranar take barin komin jama'a, ko ta wace ce."

"Abin da nake so a yi ke nan!"

"To me ya hana?"

"Kawuna ne."

"Af," in ji shi, ya mai da kallonsa taga. "Sai haƙuri."

A Kwangwalam muka sauka aka duba takardu, muka tsallaka. A ɗaya ɓangaren har katin allurar rigakafi suka nema, na zaro nawa duk ya cukurkuɗe. Na ce a raina, mutum ana tambayar shaidar lafiyarsa, jakar da ke kafaɗarsa kuwa, wadda za ta iya kwantar da ofis guda, ba mai tambayar tata. Ashe na yi saurin magana. A wani shinge can gaba wani ma'aikaci ya ce in buɗe jaka, ya ga laftof da sukundireba, fuskarsa ta washe. Ya laluba aljihu ya fiddo filash, su "kile" suke ce masa. Ya ce hotunan bikin 'yarsa ne a ciki suka ɓace, in sa a injina in duba masa.

Na ce, "A'a. Wannan injin ba na sa masa filash ɗin kowa, da tsabtarsa nake son isa da shi."

Fuskar nan ta rufe kamar an ja labule. "Wato ni ne mai cutar?"

Bai yi mini komai ba, Allah ya sani. Sai dai ya tuna cewa aikinsa duba kaya ne, ya shiga duba na motarmu ƙulli-ƙulli, cikin natsuwa, har da garin wata tsohuwa. Fasinjoji suka yi mini caa. Alhaji ya zungure ni da sanda ya ce, "Ka ce masa batir ya mutu mana! Wa ya gaya maka ana ce wa mutum a'a gatsau haka?" Dole na koma na ba mutumin haƙuri, na kwatanta masa yadda irin wannan cutar ke ɓoye hotuna ba ta share su ba, da abin da zai ce wa mai gyara a garinsu. Muka rabu yana sa mini albarka, amma rana ta riga ta raba tsaka.

A Matamaye direba ya ce nan ya tsaya. Garin kuwa ya yi tsit, don mutanen can in rana ta take kowa inuwa yake nema, ba kamar mu da muke zarya cikinta kamar an aiko mu ba. Na tambayi yaushe motar Damagaram za ta tashi, aka ce yanzu. Na sake tambaya, aka ce ai yanzun nan. Na ci dambu da zogale a tsaye, mai sayarwa tana cewa in zauna ba korata ake ba. Dambun ya yi daɗi, ya sha ƙuli da mai, amma ban ba shi haƙƙinsa ba. Layina ya daina aiki tun iyaka, sai na ari wayar wani mai shayi na kira Kawu.

"Ka cire?"

"Ka iso ina?"

"Kawu, ka cire wayar?"

"An ɗauke kuran tun azahar, komai a kashe yake. Ka ga Allah ya cire mana."

Kuran shi ne wutar lantarki a bakinsu. Ni da nake tsine wa ɗauke wuta kullum a Daura, ranar na ɗaga hannu na roƙi Allah kada a dawo da ita.

Motar da muka samu hayis ce, mutane a ciki, awaki a sama. Bayan Kance taya ta fashe, ta safayar kuma ba iska. Fasinjoji suka shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiya suka buɗe hira kamar dama nan suka nufa. Ni kaɗai nake safa da marwa a bakin titi ina leƙen hanya, har wata mata ta tambayi na kusa da ita ko lafiyata ƙalau. Sai bayan magariba muka shiga Damagaram, manyan duwatsun nan nata sun zama baƙaƙe, gari ba wuta.

Kawu dogo ne siriri, da tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ko sallamata bai gama amsawa ba ya kama haɓata ya juya fuskata wajen fitila, yadda yake yi wa masu ɗaukar hoto. Ya ce, "Goshin nata ne." Na ce ya ba ni makullin shago. Ya ce baƙo bai wanke ƙafa ba yana tambayar makulli, me zan yi da inji ba kuran? Iyalinsa ta kawo tuwon gero da miyar kuka, da wani abin sha mai kauri na gero da dabino da cuku, tukuɗi suke ce masa, wanda kofi ɗaya ya isa ya kwantar da ƙato. Aka sauke ni a ɗakin zaure. Labulen ƙofar tsohon ƙyallen shagonsa ne da ake tsayawa gabansa a ɗauki hoto, an zana bene da jirgin sama a jiki.

Da asuba muna dawowa daga masallaci na ga fankar ɗakin tana juyawa. An kawo wuta! Na ce Kawu mu tafi. Ya ce sai an karya. Aka kawo burodin nan nasu dogo mai tauri, ina gatsa yana gatsata, Kawu kuwa yana tsoma nasa a shayi yana jira ya jiƙa. Wallahi na ji kamar in ɗauke shi a kafaɗa.

Da muka isa layin, shagon Kawu a buɗe, kwamfuta a kunne tana gurnani. Na ce wa ya buɗe? Ya ce Mutari mana, ai yana da makulli. Malam Mutari shi ne maƙwabcinsa na jikin bango, mai buga takardu, amininsa tun suna yara. A nan na ga yadda suka tsara zamansu, na dafe kai. Injin Kawu ne mai babban rumbu, don haka duk aikin Malam Mutari a ciki yake ajiyewa, kuma firintar Kawu yake turo wa bugu, ta wannan shuɗiyar wayar da ta ratsa wata 'yar huda a bango. Na duba, rumbun gaba ɗaya a buɗe yake ga maƙwabci, ba kalmar sirri. Da na yi magana Kawu ya ce, "Sirrin me tsakanina da Mutari?"

Na buɗe hotunan, suna nan lafiya lau. Na yi hamdala, na zagaya bayan tebur na kama wayar. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Ban san tsohon yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Leƙa waje ka gani," in ji shi.

Na leƙa. Ɗalibai ne a ƙofar Malam Mutari sun yi layi har bakin titi, kowa da takardunsa na neman jarrabawa, kuma ranar ake rufe karɓa.

"In ka cire, aikinsa ya tsaya cak a gaban yaran nan. Kuma me zai ji? Lawali ya ɗauko ɗansa daga Najeriya ya yanke shi kamar mai ƙyanda. Da mai turin can ya kamu, na kusa da shi ya yanke waya ba ko sallama, yau ko gaisawa ba sa yi. Mutari shi ya saka babana a kabari. Sai na gaya masa da bakina."

"Kawu, hoton Inna fa?"

"Na sani. Ƙanwata ce tun kafin ta zama uwarka. Yanzu zan dawo. In ka taɓa wayar nan ban dawo ba, ban yafe ba."

Ku da kuke cewa da ku ne da kun fizge, ku faɗa mini wanda kawunsa zai ce masa bai yafe ba ya fizge. Na saki. Abin da ya rage mini shi ne in jona ɗan rumbuna in fara kwafe hotunan. Injin kuwa tsoho ne tukuf, ɗan layin da ke nuna tafiyar aiki yana jan ciki, sai ka rantse a tsaye yake. Na zauna, na miƙe, na ƙirga fitilun ɗan akwatin da wayoyi ke haɗuwa, na sake zama. Kawu shiru. Da na kasa haƙuri na fita in gani.

Na same su a kan tabarma a ƙofar shago, ga gawayi, ga 'yar buta. Shayi! Wanda bai san shayin mutanen can ba, ba irin namu ba ne da za ka kurɓe a tsaye ka wuce. Zubi uku ake yi, kowanne sai an dafa shi sabo, an ɗaga buta sama an tsiyaya an mayar har ya yi kumfa, kuma tashi kafin na uku cin fuska ne. Ciki wata ma'aikaciya tana ta buga wa ɗalibai takardu. Su kuwa dattawan suna kan zancen ciwon gwiwa. Na tsaya ina ƙifta wa Kawu ido, ya yi kamar makaho ne gaba ɗaya.

Malam Mutari, gajere mai jiki, da biro a bayan kunne, ya ɗago ya gan ni. Ya ajiye buta. "Lawali, wannan ɗan Gambo ne?"

Gambo sunan da suke kiran mahaifiyata ke nan. Ban taɓa jin wani ya ce mini ɗan Gambo ba sai ranar.

"Zauna, ɗana, zauna. Kai, Allah mai iko! Tsayuwar ma irin tata ce, ƙafa ɗaya a gaba kamar za a gudu." Ya miƙo mini ɗan kofi. Ya ce ita ce ke kawo wa Kawu abinci shago tana yarinya, ta cinye naman a hanya ta gyara miyar da yatsa, in an tambaya ta ce yau ba a sa ba. Ya ce ba ta iya zama wuri ɗaya, ga saurin fushi ga saurin hucewa, ta taɓa bin wani mai keke da dutse har bakin kasuwa don ya take mata kaza. Ya ce in tana dariya har zama take yi a ƙasa.

Na zauna. Ba zan yi muku ƙarya ba, na manta da waya, na manta da inji. Duk rayuwata abin da ake gaya mini game da ita shi ne mai haƙuri ce, Allah ya jiƙanta, abin da ake faɗa a kan kowace mamaciya. Yau ga wanda ya san ta tana satar nama. Na shanye na farko, aka ɗora na biyu, ina cewa, "Sai kuma me, Baba?"

Kofi na biyu yana hannuna idona ya faɗa cikin shagon. A kusurwa, kusa da injin da ake aiki da shi, akwai wata kwamfuta an lulluɓe ta da zane. Fankarta na juyawa, kuma wani jan haske yana ratso zanen.

"Baba, waccan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana hutawa."

Na tsallake tabarma na yaye zanen. Jan rubutu ne, cike da fuskar injin, kuma wayarta tana nan a jone. Ban san lokacin da na ture ɗalibai na faɗa shagon Kawu ba. Fitilun ɗan akwatin nan suna ƙyaftawa kamar sun haukace. Kwafewa ta tsaya. A kan allo hotunan mutane suna zama farar takarda ɗaya bayan ɗaya, layi na bin layi, sunan kowanne da wata jela da ban sa masa ba. Na fizge wayar har da ɗan siminti. Nan take abin ya tsaya, daga can kuma hayaniyar ɗalibai ta tashi.

Abin da ya faru ba wuyar ganewa. Lulluɓaɓɓiyar ta shafa wa 'yar'uwarta da ke tebur ɗaya, ita kuwa rumbun Kawu a buɗe yake gare ta kamar aljihunta. Cutar ba ta ma sha wahalar shiga injin Kawu ba, daga can ta miƙo hannu ta cikin waya tana kullewa. Na duba abin da ya rage. Ɗan kason farko da na kwafe yana nan, na ƙarshe da ba ta kai gare shi ba yana nan. Tsakiyar, wadda ita ce mafi yawa, ta tafi.

Dattawan biyu suka shigo suka tsaya a kaina. Malam Mutari ne ya fara magana.

"Tun jiya ta yi haka, Lawali, dab da za a ɗauke kuran. Kwana na yi ina juyi. Na ce in na ce ka yanke ni, za ka ga kamar injinka nake zargi, ko na gaji da alherinka. Na rufe ta da zane na ce ko za ta huce. Shayin nan don in gaya maka na dafa shi. Na bari ne sai zubi na uku."

Kawu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Ni ma na ukun nake jira."

Na so in yi ihu har a ji ni a Daura. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Amma da wa zan yi? Kofin shayin yana can inda na yar da shi.

A ranar, da laftof ɗina aka ƙarasa wa ɗalibai aikinsu. Wani ya kawo shawarar a biya masu fansar, na ce ba mai tabbacin za su buɗe, kuma ba a san ma ko su wane ne ba. Na yi kwanaki ina bin layin shago-shago, ina wanke injuna, ina sabunta manhaja, ina sa wa kowa kalmar sirri. Kawu da Malam Mutari suka karɓi nasu, kafin la'asar kowa ya gaya wa ɗan'uwansa.

Da yamma kuma mu zauna neman Inna cikin abin da ya tsira. Ina latsawa, Kawu ya kafa hanci a jikin allo yana kiran sunaye. Wannan wane ne mahauci, ya rasu. Wannan wance ce ranar sunan ɗanta na fari. Labari ya bazu a unguwa, mutane suka riƙa zuwa suna tsayawa a ƙofa suna tambaya, "Malam Lawali, babanmu ya tsira?" sai ka ce hatsarin mota aka yi. Wasu su tafi da murna, wasu Kawu ya ce su yi haƙuri, ya kasa kallonsu. Kullum hotunan da suka rage mana suna raguwa, kullum hirar Kawu tana raguwa tare da su.

Ranar da zan kwana in tafi, saura 'yan kaɗan mu kai ƙarshe, muka sake zama gaban injin. Na latsa, sai ga wata budurwa a tsaye gaban ƙyallen shago, ta dafa tukunyar furen roba, ta ɗan karkata kai.

"Tsaya," in ji Kawu. "Ga ta."

Ya faɗa da sauri, tun bai gama matso da fuskarsa ba. Ya ɗaga murya ya kira amininsa. "Mutari! Zo ka gani. Ba Gambo ba ce wannan?"

Malam Mutari ya shigo ya duƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Sannan ya ce a hankali, "Kai ne yayanta, Lawali."

"Ita ce," in ji Kawu.

Tambaya ta zo mini har bakin leɓe, ko ya tabbata ita ce. Na dubi tsohon, ya rame cikin 'yan kwanakin nan, idonsa yana kaina yana jira. Na ce, "Na gode, Kawu." Shi da kansa ya wanke hoton a takarda mai kyau, ya sa a ambulan, ya raka ni tasha da safe yana ta ba ni haƙurin da bai faɗi na mene ne ba.

Dawowa ba abin da ya faru, ko taya ba ta yi faci ba. Ni ma ban tambayi kowa yaushe za a tashi ba. Ban tsaya Daura ba, na zarce Sandamu wajen Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina. Ita ta karɓi Inna ranar da aka kawo ta, ita ta yi jinyarta, ita ta yi mata wanka. In akwai mai rai da ya san fuskar nan a ƙasar Daura, to ita ce.

Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Bayan mun gaisa na zaro hoton na miƙa mata, ban gaya mata ko na wace ce ba. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya wajen haske. Ta dube ni, ta sake duban hoton. Ta sa bakin mayafinta ta share ƙurar da babu ita a jikinsa, ta miƙo mini da hannu biyu.

Ba ta kira sunan Gambo ba, sai ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi."

Na ce amin.